Bulus ya ce bangaskiya, Yakubu ya ce ayyuka: me za a koya wa masu shirin baftisma?

Mai Koyar da Aji

Salama a gare ku, 'yan'uwa cikin Almasihu. Ina neman taimako a kan darasin ceto na ajin masu shirin baftisma. Romawa 3:28 ta ce ana baratar da mutum ta wurin bangaskiya, ba tare da ayyukan Shari'a ba. Yakubu 2:24 kuma ta ce ta wurin ayyuka ake baratar da mutum, ba ta bangaskiya kaɗai ba. Duk ɗalibin da ya jera ayoyin nan biyu zai ce tufka da warwara ake yi. Daga nan sai a rabu gida biyu: masu cewa tunda muna ƙarƙashin alheri Dokoki Goma ba su shafe mu ba, da masu cewa wanda bai ba da ushiri ba ko bai kiyaye Asabar ba cetonsa na cikin haɗari. Amsar "dukansu gaskiya ne" ba ta ƙosar da kowa. Ina son tsari: da me za a fara, wace aya za a buɗe, kuma a ina malamai suka fi zamewa?

Ɗalibin Tauhidi

Malam, kafin a buɗe Romawa ko Yakubu, a fara da Farawa, domin da Ibrahim su biyun suka kafa hujja, amma ba wuri ɗaya suka kama a tarihinsa ba. A rubuta abubuwa uku a allo bi da bi. A Farawa 15:6 Ibrahim ya gaskata alkawarin Allah, aka lissafta masa wannan adalci ne. A Farawa 17 aka yi masa kaciya yana da shekara 99. Tunda an haifi Isma'ilu yana da shekara 86, kuma alkawarin sura ta 15 ya riga haihuwar, akwai aƙalla shekara 13 tsakanin karɓuwarsa da kaciyarsa. Sai Farawa 22, inda ya kai Ishaku bagade, lokacin da yaron ya isa ɗaukar itace.

Bulus yana tsaye ne a sura ta 15. Gardamarsa a Romawa 4:9-11 ita ce Ibrahim ya riga ya sami karɓuwa tun bai yi kaciya ba, saboda haka kaciya hatimi ce a kan abin da ya riga ya samu. A Galatiyawa 3:17 ya ƙara da cewa Shari'a ta zo shekara 430 bayan alkawarin, ba ta da ikon soke shi. Yakubu kuwa yana tsaye a sura ta 22, yana cewa a can ne maganar sura ta 15 ta cika. Idan ɗalibai suka ga wannan jerin da idonsu, rabin rikicin ya mutu.

Mataki na biyu, a tambayi aji da wa kowannensu yake jayayya. Abokan gardamar Bulus masu cewa ne sai al'ummai sun yi kaciya sun bi al'adun Musa kafin su sami ceto, kamar yadda yake a Ayyukan Manzanni 15:1. Abokin gardamar Yakubu mutum ne mai ikirari da baki, wanda zai ga ɗan'uwansa ba sutura ba abinci ya sallame shi da fatan alheri hannu wofi. Bangaskiyar da Yakubu ya kira matacciya ya nuna irinta a 2:19: yarda cewa Allah ɗaya ne, wadda aljanu ma suna da ita har suna rawar jiki. Bulus bai taɓa cewa irin wannan tana ceto ba. Shi ne ma ya rubuta a Galatiyawa 5:6 cewa abin da ke da amfani shi ne bangaskiya mai aiki ta wurin ƙauna.

Mataki na uku, a karanta Afisawa 2:8-10 a haɗe, kada a tsaya a aya ta 9. Kuskuren da aka fi yi ke nan. Aya ta 8 da ta 9 sun ce ceto kyauta ne, ba ta ayyuka ba, kada wani ya yi fahariya. Ta 10 ta ce an halicce mu cikin Almasihu domin kyawawan ayyuka da Allah ya shirya tun da. Titus 3:5-8 ma haka ta jera su. Ayyuka ba su ne tushen karɓuwa ba, amma dominsu aka karɓe mu. Kalvin, ɗaya daga cikin jagororin Furotesta na farko, ya taƙaita shi a 1547 da cewa bangaskiya ce kaɗai ke baratarwa, amma bangaskiyar da ke baratarwa ba ta zama ita kaɗai.

Akwai darasi a abin da ya faru tsakanin almajiran Martin Luther, wanda ya fara Gyaran ikkilisiya, bayan rasuwarsa a 1546. Georg Major ya ce kyawawan ayyuka wajibi ne domin ceto. Nikolaus von Amsdorf, garin mayar masa da martani, ya wuce gona da iri har ya ce kyawawan ayyuka suna cutar da ceto. Takardar sulhun Lutherawa ta 1577 ta ƙi maganganun biyu. Ta ce ayyuka wajibi ne domin Allah ya umarta kuma bangaskiya ta gaske tana haifar da su, amma kada a shigar da su cikin maganar yadda ake baratar da mai zunubi. A ganina malamin aji zai tsira daga ramukan biyu idan ya riƙe wannan iyaka.

Katekis

Ɗan'uwa Ɗalibin Tauhidi ya yi bayani mai kyau a kan Ibrahim, ban da ja a kai. Amma tunda a irin wannan darasi akan ce "Katolika suna koyar da ceto ta ayyuka" a wuce, ina roƙon Malam kada ya koya wa ɗalibai haka, domin ba shi ne koyarwarmu ba.

Taron Trent, babban taron shugabannin Cocin Katolika, ya fitar da hukuncinsa a kan baratarwa ranar 13 ga Janairu 1547, babi 16 da ƙa'idodi 33. Ƙa'ida ta farko cikinsu ta la'anci duk wanda ya ce mutum zai iya barata a gaban Allah da ayyukansa ba tare da alherin Allah ta wurin Yesu Almasihu ba. Babi na 8 ya ce babu abin da ke zuwa kafin baratarwa, bangaskiya ce ko ayyuka, da ya cancanci wannan alheri. Wannan tsohuwar matsaya ce tun gardamar Agustin da Pelagiyus, wadda taron Kartej ya yanke a 418, taron Oranj kuma ya ƙara tabbatarwa a 529 cewa ko farkon bangaskiya baiwa ce.

Bambancin na gaske yana wurare uku. Na ɗaya, mece ce baratarwa. A wurin 'yan Gyara, wato Furotesta, hukunci ne Allah yake yankewa: yana lissafta wa mai zunubi adalcin Almasihu, tsarkakewa kuma tana biyo baya a matsayin wani abu dabam ko da yake ba a raba su. A wurinmu, baratarwa ta haɗa gafarar zunubi da sabunta mutum daga ciki, Allah yana zuba ƙaunarsa a zuciya kamar yadda Romawa 5:5 ta ce. Na biyu, muna cewa wannan adalci yana ƙaruwa ta ayyukan da aka yi cikin alheri, kuma suna da lada na gaske, ko da yake Trent ɗin ya bi Agustin ya ce baiwar Allah ce yake mai da ita ladanmu. Na uku, muna cewa ana iya rasa alherin ta zunubi mai kisa, wanda sai sharuɗɗa uku sun cika: abin ya zama babba, mutum ya sani sarai, ya kuma yi da cikakkiyar yardarsa. Hanyar dawowa ita ce sakramentin tuba.

Ayoyin da muke riƙewa ba ɓoyayyu ba ne: Matiyu 25:31-46, inda aka raba tumaki da awaki bisa ciyar da mayunwaci da ziyartar ɗan kurkuku, Romawa 2:6-7, 2 Korintiyawa 5:10, Filibiyawa 2:12-13. Duk malamin da zai koyar da "bangaskiya kaɗai" dole ya faɗa wa ajinsa yadda yake karanta waɗannan.

A sani kuma cewa ranar 31 ga Oktoba 1999 a Augsburg ta Jamus, Cocin Katolika da Tarayyar Lutherawa ta Duniya sun sa hannu a sanarwar haɗin gwiwa cewa ta alheri kaɗai, cikin bangaskiya ga aikin Almasihu, ba don cancantarmu ba, Allah yake karɓarmu ya ba mu Ruhu Mai Tsarki mai kiranmu ga kyawawan ayyuka. Metodis sun shiga a 2006, tarayyar ikkilisiyoyin Gyara ta duniya a 2017. Ba duk Lutherawa suka amince ba, kuma maganar lada da tabbacin ceto ba ta ƙare ba. Amma ba daidai ba ne a koyar da darasin kamar har yanzu muna 1547.

Dattijon Ikkilisiya

'Ya'yana, kun yi ta magana a kan yadda ake shiga, amma rabin tambayar Malam shi ne wace doka ce take kan mai bi. A nan ne ikkilisiyoyi suka fi wahala.

Al'adar Yahudawa ta ƙidaya umarni 613 a littattafan Musa, 248 na "yi", 365 na "kada ka yi". Babu Kirista ko ɗaya da yake kiyaye su duka, har da masu cewa suna kiyaye Shari'a, domin da yawansu sai da Haikali, shi kuwa an rushe shi a shekara ta 70. Saboda haka kowa yana da ma'aunin tacewa, ko ya faɗa ko bai faɗa ba. Ma'aunin da ya fi yaɗuwa shi ne raba Shari'a kashi uku, wanda Toma Akwinas ya tsara a ƙarni na 13, Ikirarin Westminster na 1646, takardar bangaskiya ta Furotesta a Ingila, kuma ya ɗauka a babi na 19. Dokokin ibada, wato hadayu, abinci, idodi da kaciya, sun cika cikin Almasihu; a duba Ibraniyawa 10:1-18, Markus 7:19 da Kolosiyawa 2:16-17. Dokokin mulkin Isra'ila, irin su hukuncin jifa da rabon gado, sun ƙare tare da waccan ƙasa, sai dai adalcin da ke cikinsu ya zama abin koyi. Dokokin ɗabi'a, da aka taƙaita a Dokoki Goma, suna nan daram.

Rabon yana da amfani a aji, amma kada a ɓoye rauninsa. Musa bai sa wa dokokin alama ba. A Littafin Firistoci 19:18 aka ce ka ƙaunaci maƙwabcinka kamar kanka, aya ta 19 da ke biye kuma ta hana sa tufa mai zare iri biyu. Galatiyawa 5:3 da Yakubu 2:10 suna ɗaukar Shari'a abu guda ne. Shi ya sa wasu malamai suke cewa Shari'ar Musa gaba ɗayanta ta kai ƙarshenta a matsayin alkawari, mai bi kuma yana ƙarƙashin shari'ar Almasihu da aka ambata a Galatiyawa 6:2 da 1 Korintiyawa 9:21. A aikace ɓangarorin biyu suna haɗuwa a kusan komai, domin Sabon Alkawari ya sake umartar tara daga cikin goman: Romawa 13:8-10 ta jera hana zina, kisa, sata da ƙyashi, Afisawa 6:1-3 girmama iyaye, 1 Korintiyawa 10:14 gudun gumaka. Wanda ya ce alheri ya ɗauke masa waɗannan, a buɗe masa Romawa 6:1-2 da 6:15, inda Bulus ya yi wa kansa wannan tambayar sau biyu ya ƙi ta da ƙarfi, sannan 1 Korintiyawa 6:9-11.

Asabar ce ta rage, kuma matsayi uku ne. Adventis suna kiyaye rana ta bakwai a matsayin doka mai ɗorewa. Masu bin Westminster suna cewa dokar tana nan amma ta koma ranar Lahadi saboda tashin Almasihu. Na uku suna cewa inuwa ce da ta cika, suna kafa hujja da Kolosiyawa 2:16-17 da Romawa 14:5-6. Ni ina tare da na ukun, amma abin da zan nace a kai shi ne taron Urushalima na Ayyukan Manzanni 15. Manzanni sun ɗora wa al'ummai abubuwa huɗu: guje wa abin da aka yanka wa gumaka, jini, maƙararriyar dabba da fasikanci. Ba su sa kaciya ba, ba su sa Asabar ba.

Ushiri kuwa, a koyar da shi yadda yake a rubuce. Littafin Ƙidaya 18:21 ya ba Lawiyawa ushiri domin ba su da rabon ƙasa. Maimaitawar Shari'a 14:22-29 ta yi maganar ushirin da mai shi yake ci a gaban Ubangiji, da na kowace shekara ta uku domin Balawe, baƙo, maraya da gwauruwa. Ma'aunin Sabon Alkawari yana 2 Korintiyawa 9:7, kowa ya bayar yadda ya yi niyya a zuciyarsa, ba da tilas ba. Ikkilisiya tana iya ƙarfafa kashi ɗaya cikin goma a matsayin horon kai mai kyau. Amma ranar da aka ce wanda bai bayar ba ba shi da ceto, an koma kuskuren Galatiya, kaciya kawai aka musanya da kuɗi.

Mai Koyar da Aji

Na gode, Baba, na gode 'yan'uwa. Saura guda. Idan muka ce ayyuka shaida ce ta bangaskiya ta gaske, ɗalibi mai raunin lamiri zai fara ƙidaya ayyukansa don ya san ko ya sami ceto. Ba mun gudu ba mu tsira ba ke nan?

Malama Mai Almajirtarwa

Malam, tambayar nan ita ce mai wuyar, kuma amsarta tana ga sanin wa ke gabanka. Mutum biyu za su iya aikata zunubi iri ɗaya, a ba su magani dabam. Mai karyayyar zuciya, wanda yake ƙin abin da ya yi yana tsoron an yashe shi, ba ya bukatar ƙarin doka, ta riga ta gama aikinta a kansa. A kai shi 1 Yahaya 1:9 da 2:1-2, da Luka 18:9-14, inda mai karɓar haraji ne ya koma gida baratacce. Wanda kuma yake zaune daram cikin zunubi yana kāre kansa da "ai alheri ne", a kai shi 1 Yahaya 2:3-4 da Matiyu 7:21-23. Ɓarnar da aka fi yi ita ce a juya su, a tsorata mai tuba a lallashi mai taurin kai.

Masanan Gyara sun ce doka tana da amfani uku: tana hana mugunta yaɗuwa a cikin jama'a, tana nuna wa mutum zunubinsa kamar yadda Romawa 3:20 da 7:7 suka ce, tana kuma nuna wa mai bi abin da Allah yake so. A na biyun kamar madubi take, tana nuna dattin fuska amma ba ta wankewa. Johann Agricola ya taso da rigima a kan doka tun 1537, da ya ce kada a yi wa'azin doka a ikkilisiya, Luther da kansa ya ƙalubalance shi. Katekismar Heidelberg ta 1563, littafin koyarwa na 'yan Gyara, ta nuna amfani na ukun ta wurin jeri: kashi na farko halin zunubi, na biyu kuɓuta, na uku godiya, kuma a na ukun aka sa Dokoki Goma. Fitowa 20 ma haka take, aya ta 2 ta fara da cewa Ubangiji ya fisshe su daga Masar kafin a ba da doka ko ɗaya. Ina ba da shawara a jera darussan aji haka, kada a fara da jerin abubuwan da aka hana.

Game da tabbacin ceto, a koya musu cewa ginshiƙinsa alkawarin Allah ne da aikin Almasihu. Ayyuka shaida ce ta biyu, kuma ba a auna su da mako guda. Tambayoyin da suka dace su ne: ina rayuwar ta dosa cikin shekara ɗaya ko biyu, idan ya faɗi yana tashi ya furta ko yana ɓoyewa, kuma akwai gyara a inda ake iya gyara? Zakka a Luka 19:8 ya yi alkawarin mayar da ninki huɗu ga wanda ya zalunta. Afisawa 4:28 ba ta tsaya ga daina sata ba, ta ce ya yi aiki da hannunsa har ya sami abin ba mabukaci. Irin wannan ake nema, abin da maƙwabci zai iya gani. Ƙarfin yin sa kuma daga Ruhu yake, bisa Ezekiyel 36:26-27 da Romawa 8:3-4, saboda haka darasin biyayya da bai ambaci Ruhu Mai Tsarki ba ya bar ɗalibi da kaya ba mai ɗauka.

Horon ikkilisiya ma a nan yake shiga. Matiyu 18:15-17 ta ba da matakai: kai da shi kaɗai, sannan da mutum ɗaya ko biyu, sannan ikkilisiya. Galatiyawa 6:1 ta ce da tawali'u. Idan aka tsallake na farko aka fara da sanarwa a gaban jama'a, mutane sukan koyi ɓoye zunubi maimakon barinsa.

Katekis

Mama, na yarda da kusan duka, musamman bambanta mutum biyun nan. Inda muka rabu shi ne tabbacin. Trent ya ce ba wanda zai san da tabbaci marar kuskure cewa zai jure har ƙarshe, sai da wahayi na musamman. Abin da muke da shi bege ne mai ƙarfi ga jinƙan Allah. Kuma ba mu kaɗai ba ne ke cewa mai bi na iya faɗuwa daga alheri, Lutherawa da mabiyan Wesley ma suna cewa haka, suna nuna Ibraniyawa 6:4-6 da 10:26-29. Mabiyan Kalvin ne suke cewa wanda aka sake haifa da gaske zai jure, bisa Yahaya 10:28-29 da Romawa 8:38-39, wanda ya fita kuwa dama ba na ciki ba ne, kamar yadda suke karanta 1 Yahaya 2:19. Malam ya duba ikirarin bangaskiyar ikkilisiyarsa ya ga wanne take bi kafin ranar darasin, ya kuma buɗe wa ɗaliban ayoyin ɗaya ɓangaren da kansa, domin za su ci karo da su ko ba jima ko ba daɗe.